Kwalbar da Baba Ya Kai Gwaji

Ruwan rijiyar gidan su Uwar Biyu munafuki ne. Idan ya fito daga famfo garau yake, har ka ga gindin bokiti, amma bar shi rabin yini ka dawo, ya yi ja kamar an jiƙa tsofaffin ƙusoshi a ciki. Ba ya kumfa, sabulu kawai yake ci, ga farin ɓawo da yake bari a tukunya. Shekara da shekaru ana sha ana wanka ba wanda ya mutu, saboda haka ba wanda ya damu. Damuwa ta shigo ne da Uwar Biyu ta samu aikin wankin wani ƙaramin asibitin haihuwa: zannuwan gado, tawul, rigunan nas-nas, duk farare. Da wannan aikin take riƙe gidan tun rasuwar mijinta, ita da tagwayenta da mahaifinta.

Babbar nas ɗin asibitin ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ɗaga zanen gado ɗaya a gaban taga ta ce, "Uwar Biyu, fari nake ba ki, kina dawo mini da ruwan ƙasa. Mai jego ta ga wannan cewa za ta yi ba a wanke ba. Ki gyara ruwanki kafin wata ya ƙare, in ba haka ba akwai masu jira."

Daga nan ko gida ba ta biya ba, ta wuce shagon mai famfo. Mutum ne mai sanyin magana, irin sanyin da ke ƙara wa mai fushi fushi. Ya ce ba ya sayar da magani sai ya san cuta. Ya miƙa mata wata kwalba sabuwa, ya ce a bar famfo ya zuba na minti biyar, a cika ta har baki, a rufe, a kai ɗakin gwaji a ranar ba tare da an taɓa ruwan ba.

Ran nan gugar kaya ta yi mata yawa, sai Baba ya ce shi zai kai. To, Baba haƙar rijiya ce sana'arsa kafin gwiwa ta ajiye shi. Rabin rijiyoyin unguwar shi ya haƙa, amma ta gidansa ita ce 'yar lele, don a shekarar da aka haifi Uwar Biyu ya shiga ƙasa da hannunsa har ya tarar da idon ruwan. Duk wanda ya ce ruwan na da ja, amsa ɗaya yake samu: "Bokitinka ne mai datti." Ya ɗauki kwalba ya fita, can ya dawo ya ce wai sun ce sai gobe. Uwar Biyu tana fama da dutsen guga, ko kai ba ta ɗaga ba.

Bayan kwana uku takarda ta fito. Ta ce ruwan na da zartsi sosai, shi ya sa yake kashe kumfa, amma ƙarfe, mai sa ruwa ja, kusan babu.

Mai famfo ya karanta ya sake karantawa, sannan ya kai ta gaban wasu dogayen tukwanen tace ruwa guda biyu a lungun shagon. Ya dafa shuɗiyar ya ce wannan da gishiri take aiki, ita ke cire zartsi. Ya dafa baƙar ya ce wannan yashi na musamman ne a ciki, ita ke kama ƙarfe, kuma ita ake sawa a gaba don ta kare 'yar'uwarta.

"Yaya, ni dai takardar nan ba ta kwanta mini ba," in ji shi. "Na ga bangon bayinku, ja ne har ƙasa. Ki sa duka biyun."

Nan fa Uwar Biyu ta yi kicin-kicin da fuska. Ta san irinsu sarai, su ga mace ba miji su mayar da ita saniyar tatsa. Ta kaɗa masa takardar a hanci. "Kai ka ce a yi gwaji, an yi. Yanzu kuma ka fi masu gwajin sani? Abin da takarda ta ce shi za ka sa mini. Baƙar ka ajiye wa wanda ka raina."

Ya ce to. Da ya ƙara ko da kalma biyu ma da ta fi jin daɗi, don ba ta gama ba.

Mako biyun farko sai hamdala. Kumfa ya tashi har yana zuba daga baho, tawul ya yi laushi, babbar nas ta shinshina zanen gado ta gyaɗa kai. A mako na uku kumfa ya fara ja da baya. Ranar Asabar ta jiƙa kayan asibitin gaba ɗaya, ta ga ruwan ya ɗan sauya, sai ta tuttula bilic, maganin faranta kaya, don ta kashe maganar. Ba ta san bilic da ruwan ƙarfe ba sa ga-maciji ba. Kafin ta gama shanya, zannuwa ashirin da rigunan nas-nas sun yi dabbare-dabbare da tsatsa, irin wadda ko za ka cuɗa har fatar hannunka ta saɓule ba ta fita. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon igiya.

Da mai famfo ya iso, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Ta ce ya sayar mata da gwangwani, ta ce Allah ya isa, ta ce har jikokinsa sai sun ji labarin. Shi kuwa ya durƙusa ya kwance kan tukunyar, ya zura hannu ya ɗebo 'yan ƙwayoyin da ke ciki. Sun cuɗe da jan laka. Ya ce ƙarfe ne ya toshe su. Sannan ya tari ruwan rijiyar a kofin gilashi, ya ɗiga wani magani sau uku, nan take ruwan ya rine.

"Ruwan nan cike yake da ƙarfe, Yaya. Wanda aka kai gwaji ba shi ba ne, ko kuma an taɓa shi. Wa ya kai?"

Baba yana zaune a kan bencinsa a inuwa. Ya gyara zama, ya ce cikin natsuwa, kamar mai ba da labarin abin kirki, "Ni na kai. Ruwan rijiyata ne, ba na wani ba. Ina cikin tafiya na duba na ga ya fara ja a kwalba, na ce ba da ni ba. Na dawo na juye a kwano ya kwana ya kwanta, da safe na tsiyaye na sama, na tace da farin ƙyalle sau biyu. Haka za ka kai wa baƙi ruwa da jan ido? A rubuta a takarda cewa rijiyar da na haƙa ƙazama ce?"

Mai famfo ya sunkuyar da kai ya shiga tattara sufanunsa.

Uwar Biyu ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba, amma ranar ta ɗaga. "Baba, gwaji aka ce, ba gasar kyau ba. Likita za ka je ka ɓoye masa ciwo? Ranar wanka ake ɓoyon cibi? Dubi igiyar nan, Baba, dube ta da kyau. Abincin gidan nan ne a rataye."

"Uwata, ni mutuncin gida na kare."

"Mutuncin rami ka kare. Mu da ke waje ka bar mu."

Ta san maganar ta yi nauyi tun kafin ta gama fita, kuma ba ta janye ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba ta da inda za ta sauke fushin gaba ɗaya. Tsohon bai yi don mugunta ba, mai famfo ya faɗa mata gaskiya tun a shago, kuma hannun da ya kaɗa takarda ya tuttula bilic nata ne. Ta ba mai famfo haƙuri a gajarce, haƙurin da ya fi kama da faɗa, ta ce ya kawo baƙar tukunyar. Ya ce sai an sake gwaji na gaskiya don a san girman da za a sa, kuma sai an wanke shuɗiyar, abin zai ɗauki mako guda. Ya ajiye sabuwar kwalba a bakin famfo ya tafi.

Ranar Litinin ta ninke kayan yadda suke ta kai. Babbar nas ta buɗe zane na farko, ta buɗe na biyu, ba ta buɗe na uku ba. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce a bar buhun a nan, ta kuma ce ta gaida yara. Uwar Biyu ta fito ta wuce wata mata a bakin ƙofa da sabon buhu a hannu.

A kan hanyar gida ta hango Baba yana tahowa, yana jan gwiwa. Ya sa rigarsa ta fita. Sabuwar kwalbar na hannunsa zai kai gwaji, ba leda ba ƙyalle, ruwan ciki ya yi jajir, kuma haka ya ratso unguwar da ita, ta gaban mutanen da ya haƙa wa rijiya. Da ya iso gabanta ya ɗaga kwalbar.

"Ga shi yadda Allah ya yi shi, Uwata. Ban taɓa ba. Ki ce wa matar asibitin ta ƙara mana mako ɗaya, za ta ga fari."

Uwar Biyu ta dubi kwalbar, ta dubi tsohon. Ta so ta yi shiru, amma fushin bai bar ta ba.

"Sun ba wata mata aikin, Baba."

Ya tsaya a tsakiyar titi da kwalbarsa a sama. Wani mai babur ya yi masa hon, bai matsa ba.