Takalmin Baldomero

Shekara goma sha tara Baldomero yana birnin Santiago, bai tuna da ƙauyensu na bakin teku ba sai da ya ji kwalekwalen marigayi babansu zai zama na ƙanwarsa Eduvina. Ranar ya san shi ne ɗa namiji, ya dawo gida neman gado.

Eduvina kuwa a cikin jirgin nan ta girma. Da shi take ciro kifin da take ci da 'ya'yanta, a ruwan da ke daskarar da yatsu ko da rani. In jirgin ya tafi, ta tashi a tutar babu.

Mahaifiyarsu Doña Clorinda ta kurɓi shayin mate, ta ce, "Gobe ku shirya kamar za ku ɗebo komar kifi. A bakin ruwa zan raba gardama."

Da safe sai ga Baldomero yana taku ɗai-ɗai cikin sabon takalmin fata mai igiya har ƙwauri, an ɗaure tamau. A kafaɗarsa ga filafilin tuƙin jirgi da ke rataye a falo, mai fenti sai ƙyalli, wanda Baba ya sassaƙa don ado. Eduvina ta san da ya jiƙe zai sulluɓe kamar sabulu. Nata ya koɗe, mariƙinsa ya lotsa daidai tafin hannu.

Ya dubi ƙaton takalmin roban da ke ƙafarta ya taɓe baki. "Takalmin mijinki kika aro, ƙanwata? Ai sai ki haihu a ciki."

"Sannu, Alhajin birni," in ji ta. "Wa ya taya ka ɗaurawa?"

Tsohuwa ta nuna masa dutse. "Zauna, ɗana. A ce jirgi ya kife, takalmi ya cika da ruwa yana janka ƙasa. Cire in gani."

Ya yi dariya, ya sunkuya. Yatsunsa sun sandare don sanyi, ƙullin ya ƙi. Ya sa farce, ya sa haƙori, wuyansa ya yi ja.

Eduvina ta yarfa ƙafa sau ɗaya. Takalmin roban ya tashi ya faɗi cikin tsakuwa, ya bar ta da safar ulu.

"Bari haka, ka riga ka nutse," in ji Doña Clorinda. "Filafilin dai naka ne. Zai yi kyau a bangonka."

Eduvina ta ɗauki takalminta, ta tura jirgin. Har ta wuce tsibiri Baldomero yana fama da ƙullin ƙafar hagu.