Jinin Lauwali

"Ƙara masa ɗaya a ƙeya," in ji Inno. "Mataccen jini ne, sai ya fita."

Wanzami ya kafa ƙahon. Lauwali na zaune kan turmi, kai a sunkuye. Manomin rake ne a fadamar ƙauyensu, gefen Roni, katanga ce kawai tsakanin gidansa da na tsohuwa Inno. Tun kaka ƙafafunsa suka kumbura, tafin hannunsa ya yi fari fat, har matarsa Dela ta kama shi yana gutsurar ƙasar bango yana ci.

"Inno, jiri nake ji."

"Kai, raggo! Ƙato da kai kana tsoron aska?"

Lauwali ya yi murmushi. Jinin ya fito tsararo, kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Wanzami ya dube shi, ya dubi Inno.

"Baba, anya kuwa?"

"Yi aikinka. Haka na yi wa ubansa, ya miƙe."

Bayan 'yan kwanaki Lauwali ya faɗi a bakin rijiya. A bayan wata motar rake aka kai shi asibitin Kazaure, Inno na riƙe da kansa, Dela na gefe.

Malamin asibiti ya ja fatar idonsa ƙasa, ya daɗe yana kallo.

"Tsutsar ciki ce. Tana ƙarama take shiga ta tafin ƙafa, a cikin taɓo. In ta kai hanji, da jininsa take girma. Cin ƙasar nan, jiki ne ke neman abin da ta zuƙe." Ya ɗaga rigar, ya ga tsagar. "Wa ya yi masa ƙaho?"

Inno ta buɗe baki. Dela ta riga ta.

"Mu ne, malam."

Aka ba shi magani, aka ce a riƙa ba shi hanta da zogale. Lauwali ya ce shi dai a mai da shi gida.

Ranar kasuwa Inno ta fita da kanta, ita da ta daɗe ba ta taka rumfar mahauta ba. Ta zaɓi hanta, ta dawo ta dafa, ta ƙi bari kowa ya ɗanɗana.

A zauren Lauwali ta tarar da takalman maza birjik. Daga cikin gida salati ke tashi.

Ta tsaya nan da kwanon a hannu. Yana ƙona ta, ba ta ajiye ba.