Matakala Bakwai na Shagon Alexander

Ni Dogara, ni na fara gani. Kafin fasto, kafin magini, kafin kowa a Kafanchan. Ban taɓa zama a aji ba, amma mutumin da ya baro ƙafarsa ɗaya a yaƙin basasa ya dawo gida da ransa, ba a koya masa duba ƙasa.

Shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka fito ne Alexander ya gina shagon ɗinki kusa da tashar jirgi. A lokacin, da matakala ake gane babban mutum. Maƙwabcinsa na da biyar, shi ya ce sai bakwai. Na je na jingina sandata a jikin ta farko, ta kusa kai gwiwata. Na ce wa Ƙasimu magini, "Malam, wannan shago ne ko rumbu?" Ya yi dariya ya ce, "Baba Soja, tef ɗinka na awo ina?" Na ce ga shi a hammatata.

Abin da ya hana ni shiru shi ne Afiniki, ɗiyar ƙanwata. Shan inna ya kama ta tun tana goye, amma duk garin babu mai hannunta a keken ɗinki. Alexander da kansa ya ɗauke ta aiki, don matan Zumunta na cocinmu sun ce ita za ta ɗinka musu anko. Shekara uku tana neman aiki irin wannan.

Ranar buɗewa fasto ya yi addu'a, aka ce amin. Sai ga Afiniki a kekenta na guragu, cikin farar riga. Ta tsaya a ƙasa, ta ɗaga kai tana kallon matakalar.

Alexander ya tafa hannu. "Ku biyu, ku cicciɓo ta!"

Ta ce, "Maigida, ni ba buhun citta ba ce. Kullum safe haka za a yi? In fitsari ya kama ni fa?"

Ya ce, "To, keken ɗinki yana sama. Wanda ya hau, shi ke da aiki."

Yesu! Na ga gawa a daji ban girgiza ba, amma abin da na gani ranar ya fi ƙarfina. Yarinyar nan ta sauka daga kekenta, ta fara jan jiki. Ta ɗaya. Ta biyu. A ta uku simintin ya yage gwiwarta, jini ya ɓata farar rigar.

Mama Hellen, shugabar Zumunta, tana can sama riƙe da yadin anko. Ta sauko a hankali, ta zauna a ƙasa kusa da kwata. Matan suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya, su talatin. Ta ce, "Alexander, ɗana, a nan za a gwada mu. Mu ma ƙafafunmu sun ƙi."

Dole Alexander ya sa aka kira magini. Kwana huɗu Ƙasimu yana fasa gefen matakalar yana zuba gangara. Wa aka kira ya auna? Ni. Sau biyu na sa ya rushe, sai da Afiniki ta hau da kekenta ba mai tura ta, ta zauna a bakin aikinta.

Kafin simintin ya bushe na danna masa gindin sandata. Mai cewa ƙarya nake, ya zo in raka shi. Ya durƙusa ya sa yatsa a ramin, sannan ya dube ni a ido ya maimaita.