Ranar da Baban Mardiyya Zai Zo Lakwal

…kuma ko da faɗa ya zo, ba zan janye ba. Na san abin da nake yi. Shekara nawa ina riƙe da ajin ƙananan yara a wannan lakwal, makarantar nan tamu, tun muna rumfar zana — ni Loisa za a gaya wa halin yaro?

Malam Salisu, ka aiko cewa yau za ka zo ka cire ƴarka Mardiyya. Wai ka kawo ta ta koyi a-be-se, ba kuka ba. To, ka zo. Ina nan.

Ga ta can gindin dogon yaro, an fita shan iska. Tsohuwar taya ɗaya, yara biyu — ita da Sani, kowa ya riƙe gefe. Kada ki tashi, Loisa. Zauna. Ƙafata har ta motsa…

Da farkon shekara ne, da tuni ta kafa masa haƙora. Hannun Fati har yau da tabo. Uwar Fati ta zo nan tana huci, a kori mai cizo. A kore ta zuwa ina? Ƴar shekara biyar, uwarta ta rasu da damina, aka ce mata Inna ta tafi Maraɗi. Maraɗin da mota ke zuwa ta dawo kullum. Ko wace mota ta tsaya sai ta leƙa. Abu ya cika ciki, ba shi da suna — ta ina zai fita in ba ta haƙori ba?

Ban taɓa dukanta ba. Da safe mu zauna bisa tabarma, kowa ya faɗi yadda cikinsa ya kwana. Fari ne? Baƙi ne? Tafasa yake? Mushe, malamin babban aji, ya leƙo yana dariya, Madam, yaushe za a fara karatu? Ya yi ta yi. Yaron da zuciyarsa ke tafasa, ba shi alli ka gani, karya shi zai yi.

Sani ya ja. Ta ja. Bakinta ya buɗe — a'a, Mardiyya, a'a… hura, kamar yadda muke hura koko mai zafi. Yawwa. Kafaɗa ta sauka. Me take ce masa? Daga nan ba na ji, amma na san maganar, a tabarma muka koye ta: na ji haushi, ni na fara ɗauka. Sani ya yi sororo. Zai saki? Bai saki ba… ya gangara mata ita, ta gangaro masa. Shi ke nan. Wane a-be-se ne ya fi wannan wuya?

Da ka zo da wuri, Malam Salisu, da ka gani da idonka.

Amma na san abin da ya taso ka. Ƙanwarka Sadiya ta gaya mini a kasuwa. Ka dawo daga tabki, kana warware taru a tsakar gida, yarinya ta tsaya a gabanka. Baba, cikina baƙi ne. Inna ba Maraɗi ta tafi ba, ko? Ka saki taru a ƙasa ka fita, ranar ko tuwo ba ka taɓa ba. Ba ni na gaya mata ba, Allah ya sani, wannan ba hurumina ba ne. Baki kawai na buɗe mata. Tambayar tata ce, ta daɗe tana ɗauke da ita.

Zan ce maka, haƙuri ma koyonsa ake yi, kuma yaro ba ya haƙuri da abin da ake ɓoye masa. Zan ce, ka cire ta yau, cizo ya dawo, baɗi mushe ya tarbe ta da bulala. Zan ce —

Keke a bakin ƙofa. Shi ne. Ya jingina shi da katanga, wando a naɗe, laka ta bushe a ƙafa. Haka ya rame? Ba ya shigowa. Ya tsaya yana kallonta tana bin taya da gudu, hula a hannu, yana murza ta, yana murza ta…

Duk maganganun nan, mai faɗa na shirya wa su. Wannan mutumin ba faɗa ya kawo ba. Amsar da zai ba ta ce ba shi da ita — ni ya zo tambaya?

Ta gan shi. Ta saki taya.

Tashi, Loisa. Tashi… ki ce masa me?