Saƙon Dokta Sichone

Duk garin Kabwe, in ana zancen Dokta Sichone, Bana Kasuba, wato maman Kasuba, ce mai bakin magana. Tun yana ɗaki ɗaya a bayan kasuwa take zuwa wurinsa. Shi ya duba 'ya'yanta, shi ya duba jikokinta, shi ya yi jinyar mijinta har rai ya yi halinsa. Kuma ita da kanta ta ja hannun maƙwabciyarta Bana Lubuto ta kai ta wurinsa, lokacin da ciwon sukari ya fara kayar da ita.

To, a nan ta jawo wa kanta.

Duk wata tare suke zuwa. Sai a kira Bana Kasuba, a ɗaura mata abin awon jini a dantse, likita ya ce, "Mama, kin fi ni lafiya. A rage gishiri." Shi ke nan, ko kujera ba ta ɗumama ba. Amma bari Bana Lubuto ta shiga! A huda yatsa, a haska ido, likita da girmansa ya durƙusa yana latsa mata ƙafa, har waje ana jiyo dariyarsu. Ta fito da leda cike da magani kala-kala, tana wani yauƙi.

"Yau ma har ƙafa aka duba?"

"An duba, 'yar'uwa. Wai in daina yawo ba takalmi, ƙafata tsada gare ta."

"Uhm. Sannunku masu tsada."

Kishi ne tsagwaronsa, ita ma ta sani. Tsohuwa da jikoki tana kishin ciwon wata, ai ko a taron matan coci ba ta iya faɗa. Amma abin yana cin ta. Ita ta nuna hanya, ga shi Bana Lubuto ta fi mai kora shafawa.

Wata Laraba Bana Kasuba ta je ita kaɗai karɓo maganin hawan jininta. Ta fito ke nan sai ga likita ya biyo ta har bakin ƙofa, abin da rabonsa da yi an yi shekaru. Zuciyarta ta yi fari tas.

"Mama, katangarku ɗaya da Bana Lubuto, ko? Na yi ta kiran wayarta, a kashe."

Farin cikin ya koma ciki. "Unguwarmu ba wuta," ta ce.

"To ki taimaka ki gaya mata ta zo gobe da sassafe. Kada ta fasa. Ki ce ni na ce."

Haka ake yi a asibitin nan tun fil azal, saƙo a bakin maƙwabci yake tafiya, kuma yana isa. Gwajin jinin Bana Lubuto ne ya dawo, ya nuna sabon maganin da ya ɗora ta a kai yana taɓa mata ƙoda, dole ta daina sha. Amma ba a kwance sirrin mara lafiya a bakin ƙofa, don haka bai faɗa ba, ita kuwa ba ta tambaya ba.

Tun daga can take tafe tana ƙwafa. Wato yau ta zama 'yar aike! Wata bai ma cika ba, har ya ƙagu ya ga mai ƙafar tsada.

Ta tarar da Bana Lubuto tana tuƙa nshima, tuwonsu na masara, a tsakar gida. Bana Lubuto ta miƙo mata soyayyen kifi ta kan katanga.

"Ya likitanmu?"

Likitanmu. Kai, wannan kalma ta soke ta. Saƙon yana kan harshenta, ta haɗiye shi tare da kifin.

"Yana nan ƙalau."

Gobe na faɗa mata, in ji ta a ranta, ba wanda ya taɓa mutuwa don hira ta wuce shi. Gobe ta zo, sai kunya ta hana ta, don da wane baki za ta ce tun jiya aka aiko? Bana Lubuto ta fara kukan kumburin ƙafa da tashin zuciya, tana ta shan maganinta a kan lokaci kamar yadda aka ce mata. Gaban Bana Kasuba ya faɗi, amma ta ce, "Sannu, ƙila kifin ne." Shi kuwa likita, layin marasa lafiya ya sha kansa, ya saki jiki an isar da saƙo.

Ranar Lahadi Bana Lubuto ba ta je coci ba. Da rana ɗanta Lubuto ya fito da ita a kafaɗa, aka sa ta a tasi sai babban asibiti. Likitocin can suka ce ƙodar ta jigata, sai dai a jira a gani.

Bana Kasuba na zaune a bakin gado Dokta Sichone ya shigo yana haki. Lubuto ya tare shi.

"Ranka ya daɗe, an ce sakamako yana hannunka tun Laraba! Ka zauna a kai, tsohuwata tana ta haɗiyar guba?"

Likita ya juyo ya dubi Bana Kasuba. Yau kam ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

"Gaskiyarka," ya ce wa Lubuto. "Ni ya kamata in zo da ƙafata." Ya fita neman likitan ɗakin.

Bana Lubuto ta lalubo hannun Bana Kasuba ta riƙe. Fuskarta ta kumbura, muryar da ƙyar take fita.

"Kin ji ko? Ashe duk dariyar nan a fatar baki take. Ko aike bai yi mini ba, 'yar'uwa, ko aike. Ke kaɗai ce tawa." Ta numfasa. "In na tashi, ba ni ba ƙofarsa. Na bar miki likitanki."