Layi na Biyu

Ranar wata Laraba, da ƙarfe goma na safe, maciji ya sari matar mai sauti a wurin ɗaukar fim. Ta mutu da la'asar a bayan mota, saura tafiyar rabin sa'a su isa asibiti.

Wata tara ke nan. Yau za a nuna fim ɗin karo na farko, a wani zauren biki da aka toshe tagoginsa da baƙar leda, mai sauti kuma yana durƙushe bayan kujeru yana haɗa wayoyin lasifika.

Fim ne na masu ƙaramin aljihu. Ɗalibai biyar sun shiga daji neman wani ƙauye da ya ɓace, wani abu yana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ba a nuna abin ko sau ɗaya ba. Darakta ya ce hikima ce. Gaskiyar ita ce babu halin ɗinka dodo. Hatta daren fim ɗin da rana tsaka aka ɗauke shi, aka baƙanta a kwamfuta. Saboda haka duk tsoron a kunne yake, karyewar kara da numfashi da ihu daga nesa. Wato a hannun mai sauti.

Matarsa tela ce, kayan 'yan wasa ta je gyarawa. Jarumar da za ta fito a matsayin wata mata a cikin bukka ta leƙa dajin sau ɗaya ta koma gida, sai darakta ya ce, "Anti, ki rufa mana asiri, ihu ɗaya kawai za ki yi." Mijinta da hannunsa ya maƙala mata ƙaramin makirufo a wuyan riga. Ta yi ihun. Sai da aka gama aka gane ba wasa take ba.

Darakta ya iso cikin sabuwar kwat, ya dafa kafaɗar mai sauti.

"Babban yaya, komai ya zauna?"

"Komai."

"Ka ga na sa sunanta a farko? Da manyan baƙaƙe."

"Na gani. Har ka rubuta shi daidai."

"Wallahi ihun nan nata shi ne fim ɗin."

"Ai ba ta yi maka rowa ba."

Darakta ya yi dariya, don yana cikin mutanen da duk abin da ba su gane ba suke ɗauka yabo ne. A wurin zaman makoki ya durƙusa gaban uwar marigayiya, ya ce a take suka sa ta a mota, tazarar hanya ce ta ci su. Mai sauti yana gefe, yana jin komai. Kafin wannan sana'a ya yi shekara goma sha biyu yana koyar da adabi, ya karanta masu ramuwa iri-iri a littattafai, kuma abin da ke kayar da su duka shi ne surutu. Shi sai ya karɓi aikin tace sautin fim ɗin har ƙarshe. Darakta ya ce bai taɓa ganin mai tawakkali irinsa ba.

Zaure ya cika. Surukar mai sauti, Inna, tana layin gaba tare da babban ɗanta, kan kujerun da aka ɗaura wa ƙyalle. Aka kashe fitilu. Mutane suka tsorata inda ya kamata, suka yi dariya inda bai kamata ba. Da ihun ya zo, Inna ta rufe fuska da mayafi.

Sai fim ya kai fitowar da ake cikin mota. Mota ɗaya ce tawagar ta je da ita dajin, kuma ita ce motar ɗalibai a cikin labarin. A allo, ɗaliban suna ta murza mukulli ta ƙi tashi. Amma bakinsu na motsi ba a jin su. Wata murya ce daban ta fito daga lasifika, tsaf, kamar mai ita yana zaune kusa da kowa.

"Ƙaya ce ta soke ta. A ɗaure mata ƙafar."

"Darakta, ƙafar ta kumbura," in ji muryar mai kyamara.

"Mukulli yana aljihuna. Motar nan ba ta motsawa sai mun gama wannan fitowar. In rana ta juya, sai mun ƙara kwana, wa zai ciyar da mutum goma sha huɗu?"

Wasu 'yan mata a baya suka yi dariya, sun zaci salo ne. Sai aka ji muryar mai sauti da kansa: "Don girman Allah, matata ce."

"Sa'a ɗaya ba ta kashe mutum."

Dariyar ta mutu. Darakta ya taso yana tuntuɓe da kujeru, ya tarar da mai sauti zaune, hannu biyu a kan kwamfuta.

"Kashe! Kuskure ne, kashe!"

"Mai sauti ba ya cewa a tsaya," ya ce a hankali. "Kai ka koya min."

A lasifika, muryar darakta ta ci gaba da faɗin lambar kowace ɗauka, ta farko, ta huɗu, ta tara. Wani ya kunna fitila. Inna ta miƙe, ba ta ɗaga murya ba, amma har na bakin ƙofa ya ji.

"Yaro, gabana ka durƙusa. Ka ce a take."

Darakta ya buɗe baki, ya duba hagu da dama. Mai kyamara ya sunkuyar da kai. Wayoyi kusan ashirin suna sama suna ɗaukarsa. Bai taɓa samun kyamara da yawa haka ba. Babban ɗan Inna ya tsaya a ƙofa, ya ce ba mai fita sai hukuma ta zo.

Da aka tafi da darakta, Inna ta kama hannun surukinta.

"Na ji ka kana roƙonsa. Allah ya yi maka albarka. Ka yi iyakar yinka."

"Amin, Inna."

Zaure ya watse, ya rage shi da kujeru da ledar da ta fara zamewa daga taga. Ya naɗe wayoyi, kowacce da irin naɗinta. Sannan ya zauna ya sa na'urar kunne.

Na'urar ɗaukar sautinsa layi biyu gare ta. Na farko na dogon makirufo ne, shi mutane suka ji yau. Abin da ba su ji ba shi ne, bayan roƙon, darakta ya ce masa ya ɗauki sandar makirufonsa, shi kuma ya ɗauka, yana gaya wa kansa in an gama da wuri za a tafi da wuri. Na biyu na ƙaramin makirufon ne, wanda ya manta bai cire daga wuyanta ba. Tana kwance a bukka, muryarta tana shigowa kunnensa na hagu, shi kaɗai, har ɗauka tara.

A gida Kurma take ce masa, don sai ta kira sau uku yake ɗago kai daga littafi.

Ya danna layi na biyu.

"Kurma," in ji ta, numfashinta yana gogar makirufo. "Na san kana jina. Ka ce su tsaya."

Ya mayar baya, ya sake ji. Ya duba allon da babu komai a kansa.

"Ku tsaya," ya ce.