A Bayan Motar Masu Gadin Daji

Ni na kawo shawarar tafiyar. Shekara talatin na yi ina raba wasiƙu a kan keke kafin in yi ritaya, don haka da na ji an buɗe wa masu keke hanya a cikin gandun daji, kwana uku ana kwana a tanti, sai na ce da mijin 'yata ya shirya. Tela ne, mutum mai shiru. Na daɗe ina tsokanarsa cewa ƙafarsa ba ta san wani feda ba sai na keken ɗinki, shi kuwa sai dai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai.

Ranar farko lafiya lau. Muka ga bareyi da birai a bakin rafi, muka kafa tanti da sauran rana. Na koya masa ɗaurin igiya da hura wuta, har da abin da bai tambaya ba.

Rana ta biyu tun da hantsi hanya ta fara hawa tudu, ga tsakuwa, ga kaya a bayan keke suna jana baya. Numfashi ya ƙi isa. Tela yana gabana, yana rage gudu yana waiwayowa, kuma waiwayen nan ya fi tudun ci mini rai. Na ce ya wuce, zan tsaya ɗaukar hoton tsuntsaye, mu haɗu a sansani na gaba. Ya yi jinkiri, na ɗaure fuska, ya tafi.

Yana shan kwana na zube a gindin wata bishiya. Ina nan zaune sai ga motar masu gadin daji ɗauke da jarkokin ruwa. Direban ya dube ni, ya ce in hau baya da kekena. Ban yi musu ba. Da na hango Tela can gaba yana fama da tudun, sai na kwanta tsakanin jarkoki na ja tamfol na rufe kaina da keken. Haka muka wuce shi.

Na sa aka sauke ni kafin sansani, na ƙarasa a kan keke. Na kafa tanti, na dafa shayi, na shirya abin da zan ce. Rana ta take, ta karkata, babu Tela.

Sai dab da faɗuwar rana ya iso, yana tura keke yana ɗingishi, leɓɓansa a tsattsage, gorunansa babu ko ɗigon ruwa. Maimakon in yi masa sannu, sai na ce wata tsohuwar hanyar yanke na bi, ya ga amfanin sanin hanya.

"Haka ne, Baba," in ji shi.

Ya sha shayi kofi biyu. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da tabarauna da ban ma san ya faɗi ba, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce direba ne ya tsince shi a bayan mota.

Da ƙyar na ja shi da tambaya. Ashe ya jira ni awa guda a saman tudu, sannan ya gangaro har gindin bishiyar. Ya ga sawun kekena ya yanke a nan, ya shiga ciyawa yana kirana, yana tunanin abin da zai gaya wa 'yata. Sai da motar ta dawo ya san inda nake, ya sake hawa tudun daga farko.

Na rasa inda zan sa idona. Na ce masa ƙarya na yi, tudun ne ya fi ƙarfina, kuma na ɓuya a ƙarƙashin tamfol don kada ya gan ni.

"Ai na ga tayar keke ta leƙo," ya ce a hankali. "Na ɗauka na wani ne. Ban kawo cewa kai ne ba, Baba."

Washegari muka tura kekunan tare a duk wani hawa. A gida ya ba 'yata labarin bareyi da birai ya tsaya nan. Ni na ƙarasa mata sauran, tana durƙushe tana gasa masa ƙafa da ruwan ɗumi, ba ta ɗago ta dube ni ba.